Hunturun Srinagar da Namu na Mawashi

Duk Bahaushen da ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san Kashmir tun kafin ya san inda take a taswira. Srinagar, birninta mafi girma, yana tsakanin tsaunukan Himalaya, kusan mita 1,600 sama da teku, a bakin tafkin Dal. Na sauka can a tsakiyar abin da suke kira Chillai Kalan, wato kwana 40 na tsananin sanyi da ke somawa ran 21 ga Disamba. Ni da na taso a Mawashi, inda hunturu bai wuce hazo da faso da jin ɗumi a bakin murhu ba, sai na tarar gefen tafki ya daskare, masu kwalekwale na fasa ƙanƙara kafin su samu hanya.

Mutanen nan sun mayar da sanyi haja. Kowa na sanye da doguwar riga mai kauri, a ƙarƙashinta ya rungume kangri, ɗan kaskon garwashi da aka saƙa wa kwando. Baƙo yakan kwana a gidan katako bisa ruwa, a tarye shi da shayin kahwa mai za'afaran, a kai shi masallacin Hazratbal da lambun Shalimar wanda Sarki Jahangir ya gina a 1619. Daga matuƙin kwalekwale har masaƙin mayafi, kowa da rabonsa a aljihun baƙon.

Sai dai wannan ciniki ga zaman lafiya ya rataya. Tawayen da ya ɓarke a 1989 ya kori baƙi shekara da shekaru, kuma da aka kashe mutum 26 a Pahalgam ran 22 ga Afrilu 2025, masu niyyar zuwa suka yi ta fasawa.

A nan ne labarin ya shafe mu. Daga Kankia zuwa Dutsin-Ma ba nisa, kuma can madatsar Zobe take da ruwanta tun 1983. Ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga rijiyar Kusugu a Daura. Da hunturu, sa'ad da zafin rana ya sassauta, ya kamata a ce motocin 'yan makaranta da iyalai na tururuwa zuwa waɗannan wurare. To amma wane magidanci ne zai kai iyalinsa bakin ruwa alhali yana fargabar 'yan bindiga a hanya? Kafin gwamnati ta gina masaukin baƙi ko ɗaya a Zobe, ta fara tabbatar da cewa manomin da ke gefen madatsar yana kwana gidansa da ido biyu rufe.