Haƙorin Naman Daji: Daga Rigar Maharbi Zuwa Kasuwar Duniya

Da zarar an kai gero da dawa rumbu, sanyin hunturu ya kankama, samarin ƙauyukan da ke kewaye da Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, kan shiga shirin farauta. Karnuka a gaba, makaɗi a tsakiya, kowa da gora ko gatari a kafaɗa, ana tafe ana kirari. In an dawo da yamma, abin da ke cikin burgame bai wuce zomo da gafiya da kurege ba, sai ko damo da fakara in ranar ta yi kyau.

Amma wanda ya dubi rigar tsohon maharbi da kyau zai ga wani daji dabam. Tsakanin layu da guraye akwai ƙahon gada da aka toshe bakinsa da fata, akwai farcen da ya yi baƙi don tsufa, wani lokaci har da lanƙwasasshen hauren gadu. Da wuya a sami masu waɗannan gaɓoɓin suna kwana a gonakin Gabasawa a yau.

Dalilin a fili yake. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa a wannan yanki mai cunkoson gidaje sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙasa ana nome ta duk shekara, ba a barin saura. Inda gona ta haɗe da gona, babban nama ba shi da maɓoya. Alhali kuwa ƙasar nan da farauta aka san ta tun fil'azal. Littafin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da zuriyar Dala da Barbushe, har ya siffanta wani ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ko da an ce akwai zuguguntawa a labarin, yana nuna irin naman da mutanen wancan zamani suka sani a dajinsu. Yanzu mai neman babban nama sai ya nausa Falgore a kudancin jihar, ko ya tsallaka wasu jihohi. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar komawa gida Kano ne daga can kudu.

Yadda ake cire haure

Nama ana cinye shi a kwana biyu, fata kuma gara da asu suna gamawa da ita. Haƙori ne ke daɗewa, don shi ya fi komai tauri a jikin dabba. Shi ya sa mafarauta a ko'ina suke adana shi.

Ɗauki gadu, wanda ake yi wa laƙabi da mugun dawa. Haure huɗu gare shi: biyu na sama manya masu lanƙwasa, biyu na ƙasa ƙanana da suke gogar na sama duk lokacin da ya rufe baki, har su yi kaifi. Abin da ake gani a waje ba shi ne dukan hauren ba, wani kaso mai yawa yana binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Mai gaggawa da ya sa gatari ko ya finciko da ƙarfi, karyayyen haure zai samu. Gwani kan dafa kan a ruwa har nama ya saki, ko ya binne shi cikin ƙasa mai laima ya bar shi ya ruɓe. Daga nan sai ya riƙa girgiza hauren a hankali yana bin lanƙwasarsa, har ya zare.

Aikin bai ƙare a nan ba. Gindin haure rami ne mai ɓargo. Sai an ƙwaƙule shi tas, in ba haka ba wari da tsutsa su biyo baya. Sannan a shanya a inuwa, don rana da busasshiyar iskar hunturu suna tsaga shi daga gindi zuwa tsini. Masu son ya daɗe suna cika ramin da kakin zuma, su riƙa shafa masa mai. Sauran aikin na baduku ne: ya naɗe gindin da jar fata, ya ɗinke, ya yi masa hanci inda tsirkiya za ta shiga.

A wurin maharbi irin wannan abu shaida ne cewa ya ga daji, daji ya gan shi. Wasu kuma suna ɗaukarsa magani, abin da malamai da dama ba su yarda da shi ba. Fada ma ba a bar ta a baya ba: ƙahon da ake busa wa sarakuna na gwanki ne, figini da takalmin gashin jimina kuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa suke cikin kayan sarautar Kano.

Barewar da aka kashe don haƙori biyu

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake adana haƙori ba. A Arewacin Amurka akwai wata ƙatuwar barewa da ake kira elk, wadda namijinta kan haura kilo 300. Mace da namiji kowanne yana da haƙori biyu na musamman a muƙamuƙin sama, gajeru masu santsi, ba su fi kan ɗan yatsa ba. Masana sun ce ragowar haure ne da kakannin dabbar suke da shi a zamanin da. Na tsohon namiji ya fi daraja, saboda shekarun tauna ciyawa suna bar masa zane mai ruwan ƙasa-ƙasa. Cire shi ba wuya: a zagaye dasashi da tsinin wuƙa, a tura da ɗan itace, ya fito da saiwarsa. A wanke, a busar, a huda saiwar. Mafarautan can har gobe suna kai shi wurin maƙeran farfaru a sa shi a zobe ko abin wuya.

'Yan asalin ƙasar, musamman ƙabilar Crow da Lakota, sun daɗe suna jera waɗannan haƙora a rigunan mata. Tunda kowace dabba biyu kawai take bayarwa, riga mai haƙori 300 tana nufin barewa 150. Rigar kan ɗauki shekaru kafin ta cika, kuma ita ce ke faɗa wa jama'a cewa mazan gidan nan maharba ne. Naman kuwa an ci, fatar an jeme.

Lamarin ya juya ne da kuɗi suka shigo. A 1868 aka kafa wata ƙungiyar zumunci a New York mai ɗauke da sunan wannan dabba, kuma mambobinta suka mayar da rataya haƙorin a sarƙar agogo abin ado. Yawancinsu ba su taɓa shiga daji ba, saya suke yi. Nan da nan aka sami 'yan farautar haƙori a kwarin Jackson Hole na jihar Wyoming, masu harbe dabba su ɓanɓare haƙori biyu su bar gawa ga ungulu. Wannan, haɗe da farautar kasuwa da mamaye makiyaya, ya sa dabbar da aka ƙiyasta ta kai miliyan 10 kafin zuwan Turawa ta koma ƙasa da 100,000 a farkon ƙarni na 20. Sai a 1912 gwamnatin Amurka ta keɓe mata mafaka a wannan kwari. Da dokar lasisi da ƙayyade lokacin farauta, yanzu adadinta ya kai wajen miliyan ɗaya.

Turai ma ta san wannan ado. A Jamus da Ostiriya ana sa haƙoran barewa cikin azurfa, kuma Yarima Albert ya sa an yi wa matarsa Sarauniya Victoria kayan ado da haƙoran barewar da ya harbo.

Namu darasin: hauren giwa

Ƙasar Hausa ta ga irin juyin da kuɗi ke kawowa da idonta. A ƙarni na 19 fatake Hausawa suna kutsawa Adamawa, har Banyo da Tibati da Ngaundere, suna sayo hauren giwa. Wani ya bi ayarin raƙuma zuwa Tarabulus tare da gashin jimina da jar fata, wani ya bi kogin Binuwai zuwa hannun kamfanonin Turawa. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya lissafa haure cikin hajar da ke ratsa birnin. Ko a wancan lokacin malamai ba su saki jiki da shi ba, don Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure ya sani, ta sa amfani da hauren giwa cikin makaruhai.

Sakamakon yana gabanmu. Giwayen da suka rage a Nijeriya ba su kai 500 ba, kuma garke mafi shahara a Arewa shi ne na Yankari a jihar Bauchi. Yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Nijeriya tana da tata dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma ƙara mata tsanani a 2016. Duk da haka tashoshin jiragen ruwan Legas sun zama mashigar masu fasa-ƙwaurin haure da ɓawon dankunya zuwa Asiya. A watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a bainar jama'a a Abuja.

Tsakanin haure ɗaya a rigar maharbi da buhun haure a kwantena akwai tazara mai nisa, amma hanya ɗaya ce ke sada su: ranar da wanda bai yi farauta ba ya fara taya abin. Mai kayan magani a kasuwa da yake neman farcen damisa ko haƙorin kura ba ya tambayar ko saura nawa a daji.

Sarakunan baka da ƙungiyoyin mafarauta na Gabasawa da kewaye suna da abin yi a nan. Su ne za su iya hana yaransu taɓa dabbar da doka ta kare, su hana harbin mai ciki da mai shayarwa, su kuma ƙi sayar da kayan gado ga dillalai. Haka nan ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da gidan tarihi na Gidan Makama su bi tsofaffin maharba gida-gida, su ɗauki hoton abin da ke jikin rigunansu, su rubuta sunan kowace dabba da dajin da aka same ta, tun masu bayanin suna raye.