Aron Littafi Tsakanin Taskokin Ilmi

Tun zamanin da malaman ƙasar Hausa suke rataya gafaka su bi ayari daga Katsina zuwa Agadas, ko daga Kano zuwa Barno, don sun ji labarin wani littafi a hannun wani shehi, an tabbata cewa babu gidan da ya tara ilmi dukansa, kuma mai neman tahaƙiƙi ba shi da makawa face ya yi aro, ya zauna ya juya da alƙalaminsa, sa'an nan ya mayar da amana ga mai ita. Wannan ladabi shi ne ɗakunan karatu na jami'o'i suka gada, ko da yake kayan aikin sun sake.

A 1964 Jami'ar Ibadan ta buɗe cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci, ta kuma haɗa hannu da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan shirin binciken tarihin Arewa. Hanyar da suka bi akwai hikima a cikinta, domin sun san malami ba zai sayar da littafin da ya gada daga kakansa ba, ko da gara ta fara cin gefensa. Saboda haka sai su are shi, su ɗauki hoton kowace warƙa a kan siririn fim, su mayar masa da asalin cikin tadarishinsa. Waziri Junaidu na Sakkwato, Allah ya jiƙansa, ya buɗe wa masu nazari taskarsa, kuma da ita Murray Last ya dogara ƙwarai wajen littafinsa na tarihin Daular Usmaniyya, wanda ya fito a 1967.

Sai dai abin da ke damuna shi ne warwatsuwar wannan dukiya. Littattafan gidan Shehu Umarul Futi, waɗanda sojan Faransa suka kwashe daga Segu a 1890, suna Faris har yau. Taskar Malam Umaru Falke, malamin Kano kuma fatake, wanda ya rasu a 1962, tana Jami'ar Northwestern a Amurka. Wasu kuwa suna Kaduna da Jos da Kano da Yamai, kowane wuri da nasa kundin lissafi. Ɗakunan karatun Amurka sun fahimci wannan mas'ala tun 1963, lokacin da suka yi karo-karo suka kafa shirin ɗaukar hoton jaridu da takardun Afirka, ana ajiye kwafin a Shikago, duk jami'ar da ke cikin yarjejeniyar tana iya aikawa a aro mata.

A ra'ayina, farkon abin da ya wajaba a kanmu shi ne fihirisa guda wadda za ta gaya wa ɗalibi inda kowace nusha take, domin littafin da ba a san muhallinsa ba hukuncinsa ɗaya da wanda ya ɓata. John Hunwick ya share fage da juzu'in da ya fitar a 1995 kan marubutan ƙasar Hausa da maƙwabtanta da talifansu. Abin da ya rage shi ne Gidan Arewa na Kaduna, da taskar Waziri Junaidu, da ta Yamai, da jami'o'inmu su yi ittifaƙi su musanya hotunan abin da ke hannunsu, su kuma nemi a aiko musu da na Faris da na Amurka ta intanet, yadda ɗalibin da ke tahaƙiƙin wata risala ta Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo zai gwada nusha uku ko huɗu yana zaune a Gwandu.