Yadda Ƙwayar Cutar Namoniya Ke Gagarar Magani

Sitireptokokus dangi ne na ƙwayoyin bakteriya da ke zama a hanci da maƙogwaron ɗan Adam. Ɗaya daga cikinsu, numokokus, ita ce kan gaba cikin bakteriya wajen haddasa namoniya ga ƙananan yara, tana kuma jawo ciwon kunne da wani nau'in sanƙarau. Ta fi yin ɓarna da hunturu, musamman ga yaron da tamowa ko ƙyanda ta riga ta raunana.

Penisilin da danginsa, irin su amozisilin, suna kashe ta ne ta hanyar toshe sinadaran da take gina bangon jikinta da su. A 1967 aka samu numokokus da ta fara gagarar penisilin a Ostareliya, a 1977 kuma aka ga wadda ta gagari magunguna da dama a Afirka ta Kudu.

Tushen wannan taurin kai yana cikin ƙwayoyin gadonta. Numokokus tana iya haɗiye guntayen DNA na 'yan uwanta da suka mutu kusa da ita, ta ɗinka su cikin nata. Frederick Griffith ne ya fara lura da wannan baiwa a Ingila a 1928. Da irin wannan aro take sauya ƙwayoyin gadon da ake kira pbp2x, pbp2b da pbp1a, sai penisilin ya kasa kama ta da kyau. Wata ƙwayar gado, ermB, tana sauya gurbin da maganin eritiromaisin ke kamawa, mefA kuwa famfo take ginawa mai fitar da maganin waje.

Magani ba ya ƙirƙirar waɗannan sauye-sauye, yana share wa masu su fage ne. Idan aka sha kafso ba bisa ƙa'ida ba, masu rauni su mutu, masu tauri su hayayyafa. A ƙauyukan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, inda rashin tsaro ya sa zuwa asibiti ya yi wuya, kemis ne mafakar mutane, ana sayen Ampiclox ko Septrin gwargwadon kuɗin aljihu, wani lokaci don murar da ba bakteriya ce ta kawo ta ba.

Najeriya ta fara rigakafin numokokus na PCV a 2014, ana yi wa jarirai a mako na 6, na 10 da na 14. Rigakafin yana rage yaɗuwar nau'o'in da suka fi gagara. Amozisilin kuma har yanzu yana warkar da yawancin namoniya, muddin ma'aikacin lafiya ne ya auna shi, aka kuma sha yadda ya faɗa.