Ɗaukar Hoto Sana'a Ce, In An Koye Ta

Kwanan baya wani dattijo ya same ni a Tudun Wada, nan Zariya, ransa a ɓace. Ɗansa ya gama sakandare, an samo masa gurbin koyon aikin malanta, yaro ya ce shi ɗaukar hoto yake so ya koya. Dattijon ya ce mini, "Malam, yau ko mai tallan gyaɗa tana da kyamara cikin wayarta. Wa zai biya kuɗi a yi masa abin da kowa ya iya?" Tambaya ce ta mai hankali. Na ga ya kamata in amsa ta a fili, don kuwa malaman makaranta da akawuna su ne iyaye kan fara tuntuɓa in irin wannan ta taso.

Gaskiya ne kyamara ta yi arha. Amma fa alƙalami ya riga ta arha, bai kuwa mai da kowa marubuci ba. Abin da ake koyo a wannan sana'a shi ne sarrafa haske, ilmi ne kuwa mai asali. Kimanin shekara dubu da ta wuce Alhasan ibn Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Alƙahira, ya bayyana yadda haske kan shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. A 1839 Daguerre na Faransa ya fito da dabarar tsai da surar nan a kan faranti. A 1888 George Eastman na Amurka ya ƙera Kodak, kyamarar da kowa ke iya riƙewa. A 1975 wani injiniyan kamfanin nan ya haɗa kyamarar farko wadda ba ta bukatar fim. Kayan aiki sun yi ta sakewa, amma ɗakin nan mai duhu da ƙaramar kafarsa suna nan cikin kowace kyamara har yau.

Abu uku almajirin hoto zai fara sani. Na farko faɗin kafar da haske ke shiga: in an buɗe ta sosai, fuskar mutum ta fito tangaran, abin da ke bayansa ya dushe, in an tsuke ta, na kusa da na nesa duk su fito. Na biyu tsawon lokacin da kafar za ta zauna a buɗe. Dokin da ya sheƙo a guje ran Hawan Daushe, sai an ɗauke shi cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa kafin ƙafafunsa su tsaya cak. In aka ba shi ɗaya bisa 30, inuwa kawai za a samu. Na uku ƙarfin jin haske na kyamara, wanda ake ƙarawa in wuri ya yi duhu, sai dai in an zarce hoto ya yi tsaki-tsaki. Bayan waɗannan sai sanin lokaci. Ranar tsaka takan jefa duhu cikin kwarmin ido, hasken hantsi da na bayan la'asar kuwa shi ke fito da kyan fata da aikin riga. Da hunturu kuma sai an kiyayi ƙura, don ita ce ajalin gilashin kyamara.

Ko ana cin abinci da ita? Ga misali. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930, ya sayi 'yar kyamararsa ta farko a 1950. A 1954 ya shiga Ma'aikatar Watsa Labarai a Ibadan, yana yaron ɗakin wanke hoto. Daga 1968 ya tasa kitson matan Nijeriya gaba, ya ɗauki hoto wajen dubu. Kafin ya rasu a 2014 an nuna aikinsa a manyan biranen Turai. Malick Sidibé na Bamako, wanda hoton biki da na samari ne abincinsa, ya karɓi babbar lambar girma a Venice ta Italiya a 2007. Dukansu abin da ke ƙofar gidansu suka ɗauka, suka daɗe a kansa.

To, mu me ke ƙofar gidanmu? A nan Tudun Wada aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ya zama gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda Abubakar Imam ya fara shiryawa a 1939. Watau unguwar nan ta daɗe da sanin darajar ajiye labari a takarda. Amma mutum ya shiga birni ta Ƙofar Doka ya dubi Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. A shekarun 1970 aka rufe shi da sabon gini. Wanda ke son ganin kamanninsa na dā ta waje, sai a hoto, masu ɗaukar kuwa galibinsu baƙi ne. Ganuwa tana zaizayewa kowace damina, gidajen ƙasa masu zanko suna komawa bulo. In 'ya'yanmu ba su ɗauka ba, jikokinmu wurin wa za su tambaya?

Wurin koyo bai yi nisa ba. Tun 1955 ake koyar da zane a Zariya, ga sashen nan a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ga kuma na aikin jarida. Wanda bai sami shiga ba, ya yi abin da masu sana'a suka saba, ya zauna ƙarƙashin gwani, ya ɗauki jaka, ya riƙe fitila, ya koyi gyaran hoto a kwamfuta da lissafin ciniki. Hoton fasfo, da na biki, da na suna, da na kayan 'yan kasuwa su ne cefanen yau da kullum, kada ya raina su.

Saura abu guda, shi ne amana. Mai hoto yakan shiga inda wani namiji ba ya shiga. Ya nemi izini kafin ya ɗauka, kada kuma hoton iyalin mutane ya fita hannunsa sai da yardarsu. Wanda ya ci amana sau ɗaya, ya rufe wa kansa ƙofar gidajen gari.

Abin da na gaya wa dattijon nan ke nan: a gwada yaro wata uku da wayar da ke hannunsa. Kullum ya ɗauki abu guda, da hantsi da la'asar, ya kawo a duba. In ya jure, a kai shi wurin gwani. In ya gaji, an huta da sayen kyamara, ga gurbin malanta yana jira. Allah Ya sa mu dace, amin.