GUGUWAR RANA DA HASARAR DA TA KE JAWOWA

Rana dunƙulen wuta ce mai tafasa. Kusan kowace shekara 11 tafasar nan ta kan tsananta, har rana ta yi aman wani irin tururi mai ɗauke da ƙarfin lantarki. In ya doso duniya, ya kan iso cikin kwana ɗaya zuwa uku. Shi a ke kira guguwar rana.

Da isowarsa sai ya girgiza maganaɗisun duniya, wata baƙuwar wuta ta kwararo cikin dogayen wayoyin lantarki. Daga nan ta shiga manyan taransufoma, watau na'urorin da ke ƙara ƙarfin wuta ko su rage shi, su yi zafi, wasu su ƙone.

Ran 13 ga Maris, 1989, abin ya auku a lardin Kubek na ƙasar Kanada. Cikin minti ɗaya da rabi wuta ta ɗauke, mutum wajen miliyan 6 suka yi awa 9 babu ita, ga sanyi. Makarantu da masana'antu suka rufe, jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Mantiriyal ya tsaya. A 2003 kuma wata guguwar ta lalata taransufoma a Afirka ta Kudu.

Duhun yini ɗaya ba shi ne babbar hasara ba. Babban taransufoma ba a sayensa a kanti, sai an ba da aikinsa, ƙirarsa kuwa ta kan wuce shekara. Muddin a na jira, famfo ba ya kawo ruwa, injin niƙa ba ya juyawa, maganin asibiti ya lalace, ma'aikaci ya zauna ba lada. A 2013 kasuwar inshora ta Lloyd's ta Landan ta ƙiyasta cewa guguwa irin ta 1859, wadda ta ɓata wayar tangaraho, za ta iya jawo wa Amurka hasarar dala biliyan 600 zuwa 2,600.

Ƙasashen da ke can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu su suka fi shiga haɗari; na Nijeriya da sauƙi, don tana kusa da tsakiyar duniya. Yanzu kuma akwai taurarin ɗan Adam masu gadin rana, su na ba da gargaɗi don injiniyoyi su rage wa wayoyi nauyi tun da wuri.

A na roƙon Hakimai da malamansu su bayyana wa talakawa cewa guguwar nan ba ta taɓa jikin mutum, ko dabba, ko shuka. Wayoyi da na'urori ta ke yi wa ɓarna.