Bangaskiya da kututture: abin da ya riƙe Kiristocin karkarar Tasawa da Mayahi

Duk mai awon hatsi a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi bai manta da 2005 ba. Fari da fara sun cinye amfanin 2004, tiyar gero ta fi ƙarfin talaka, magidanta suka tafi cin rani.

Kiristocin yankinmu ƴan kaɗan ne, amma mun ga yadda suka jure. A wurinsu addu'a ba ta raba mutum da hauyarsa. A Zumuntar Mata akan yi waƙa da karatun Littafi Mai Tsarki, sannan a tara ɗan abin hannu a kai wa gwauruwa ko mai jinya.

Wannan hali yana da tushe a jahar Maradi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, ya kusa fid da rai, don yawancin itatuwan da ya dasa mutuwa suke yi. Bayan ya roƙi Allah, sai ya lura kututturan gona suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manomi ya bar tohon da ya fi ƙarfi, ya sare sauran. Manoma, yawancinsu Musulmi, suka rungumi wannan sassabin zamani har ya kai kadada kusan miliyan 5 a Nijar.

Uwargida, idan kika ga damin itace ranar kasuwa, ki tuna: kututturen da aka yafe ma yakan toho.