Daga Narkakken Ruwa Zuwa Ƙwayar Yuriya

 

Duk wanda ya taɓa kwance bakin buhun yuriya ya cusa hannu ciki ya san yadda take: farare fat, ƙwayoyi ƙanana masu santsi, suna zubewa ta tsakanin yatsu. Mai noman shinkafa a fadamar gulbin Zamfara ya san ta, mai dashen albasa a Aliero ya san ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kowace ƙwaya a cikin buhun nan ta taɓa zama ruwa mai tsananin zafi, kuma yadda aka sanyaya ta ne ya yanke ko za ta iso gonarka lafiya ko za ta zama gari a hanya.

Yuriya daga iskar gas take farawa. A masana'anta ana samar da amoniya daga gas ɗin da kuma iskar da muke shaƙa, sannan a haɗa ta da iskar kabon a cikin tukwane masu tsananin matsi da zafi. Abin da ke fitowa yuriya ce a narke cikin ruwa. Sai a ƙafe ruwan a hankali har ya rage kusan zallarta. Yuriya tana narkewa ne a zafin da ya kai digiri 133, wato ya fi na tafasasshen ruwa nesa, don haka muddin ana riƙe da ita a wannan zafi, kwarara take yi a cikin bututu.

A nan ne gwaninta take. Ku tuna mai yin mazarƙwaila: ya dafa ruwan rake har ya yi kauri, ya zuba a mazubi, ya bar shi ya huce ya daskare. In ya bar shi a wuta ya wuce kima, ya ƙone. In ya sauke da wuri, ba zai kama jikinsa ba. Haka injiniyoyin taki suke fama. Narkakkiyar yuriya idan ta daɗe a zafi tana rikiɗa ta haifi wani sinadari mai suna biyuret, wanda yawansa ke ƙona ganye da 'yan tsirrai. Shi ya sa ba a ba ta lokacin zama. Da ta narke, sai a hanzarta mayar da ita ƙwaya.

Tsohuwar dabara ita ce doguwar hasumiya, wadda tsayinta kan haura mita 50. Ana feso narkakkiyar yuriya daga can ƙololuwa, ɗigo-ɗigo, iska kuma tana busowa daga ƙasa zuwa sama. Kafin ɗigon ya iso ƙasa, cikin daƙiƙu kaɗan, ya daskare. Dabarar tana da sauƙi, amma ƙwayar da take bayarwa ƙarama ce kuma ba ta da ƙwari sosai. In aka ɗora ta a tirela tun daga bakin teku zuwa Kebbi, ana saukewa ana lodawa, wani kaso nata zai dagargaje.

Sabuwar dabara ta fi ban sha'awa, kuma ita ce manyan masana'antun Najeriya ke amfani da ita. Ana zuba ƙananan ƙwayoyin yuriya a cikin wani ɗaki na ƙarfe, a hura musu iska daga ƙasa har su riƙa shawagi ba tare da sun kwanta ba. Sai a fesa musu narkakkiyar yuriya. Feshin ya sauka a kan ƙwaya, iska ta daskarar da shi nan take, wani feshin ya sake hawa kai. Da haka ƙwayar ke girma, shafi kan shafi, har ta kai kaurin milimita 2 zuwa 4. Daga nan a tankaɗe. Waɗanda suka yi ƙanana su koma ɗakin feshi, waɗanda suka yi girma a farfasa su su zama tushen wasu. Waɗanda suka yi daidai kuwa ba a zuba su buhu da zafinsu, sai an sake ratsa su da iska sun huce, domin taki mai ɗumi in aka tara shi dunƙulewa yake yi.

Najeriya ta fara wannan aiki a kamfanin NAFCON da ke Onne a jihar Ribas, a ƙarshen shekarun 1980. Shi ne daga baya ya koma Notore. Indorama ya fara fitar da yuriya a Eleme a 2016. A watan Maris na 2022 aka ƙaddamar da masana'antar takin Ɗangote a Lekki, jihar Legas, wadda aka gina don samar da tan miliyan 3 a shekara.  

To, mu dawo gida. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, abincin da ke sa ganyen shinkafa ya yi kore shar. Babu busasshen takin da aka saba sayarwa a kasuwa da ya kai ta ƙarfi. Amma tana da rauni guda: tana jan raɓa. Buhun da aka jingine a ƙasan shago lokacin damina, ko aka bar bakinsa a buɗe, ƙwayoyinsa za su jiƙe su manne su zama dutse. Ku ɗora shi a kan katako, nesa da bango, ku ɗaure bakin. Kuma kafin ku biya kuɗi a kasuwar Jega, in da hali ku duba: ƙwaya mai kyau girmanta kusan ɗaya ne, ba ta da gari da yawa, ba ta saurin fashewa in ka matsa ta da yatsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke zuba ta. Manomi ya sayi taki da tsada, ya watsa a saman ƙasa da tsakar rana, ya tafi. A irin zafin nan namu, yuriyar da ba a rufe ba tana komawa amoniya ta bi iska, wani kaso mai yawa bai taɓa isa saiwa ba. Mai albasa ya zuba da yamma ya bi da ban ruwa, ko ya rufe da ƙasa. Ga masu shinkafa kuwa, akwai dabarar da cibiyar binciken taki ta IFDC ta yaɗa a Bangladesh kafin ta kawo ta Najeriya: a matse yuriya da inji ta zama manyan ƙwallaye, a cusa ɗaya cikin laka, zurfin santimita 7 zuwa 10, a tsakiyar gindi huɗu, kamar mako guda bayan dashe. Aikin yana cin baya, amma zubi ɗaya ake yi a kaka, kuma takin da ake buƙata bai kai na watsawa ba.